Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfutata Ta Ƙi Karɓar Sabuntawa, Yaya Zan Yi?

Kamar kullum, abin da muka amsa a rediyo shi muke kawo muku a rubuce, domin wanda aikin gona ko hidimar kasuwa ta hana shi sauraro ya samu ya karanta, wanda kuwa ya saurara ya samu abin ajiyewa.

Wannan mako wasiƙu uku ne suka faɗo a kan magana guda. Ta farko daga wani Alhaji mai sayar da taki da maganin feshi a Funtuwa. Ya ce yana da kwamfuta 'yar gwanjo wadda yake rubuta lissafin shago da sunayen masu bashi a ciki. Duk daren da zai kashe ta sai ta ce tana sabunta kanta, ta yi ta ƙirga har kashi 30 cikin 100, ta mutu ta tashi, sa'an nan ta ce abin bai yiwu ba, ta koma baya. Ta biyu daga sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kura. Shi ma irin wannan ce ta same shi, ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ce babu magani sai an wanke ta gaba ɗaya, alhali kuwa rajistar 'yan ƙungiya da ta rabon iri duk suna ciki. Ta uku daga wata Hajiya mai shagon buga takardu a Maraɗi, wadda ta ce ita kam ta gaji, wannan abu yana cinye mata data, shin ba za a iya toshe shi ta huta ba?

To, madalla. Mun gode da waɗannan tambayoyi, matambayi dai ba ya ɓata. Ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Kwamfutar da ta ƙi karɓar sabuntawa ba ta mutu ba. Galibi wani abu ne ta rasa: wuri, ko wuta, ko intanet mai ƙarfi, ko agogo mai daidai. Ɓarnar da ke biyo baya kuwa, yawancinta daga hannun mai kwamfutar take fitowa in ya ƙosa, ko daga hannun mai gyara in yana sauri. Saboda haka a bi abin daki-daki, a fara da wanda ba ya cin ko kwabo.

Mece ce sabuntawar?

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da wata babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar yadda sarkin kasuwa ke tsara wurin zaman kowa. Ita ke buɗe takardunka, ita ke magana da injin buga takarda, ita ke haɗa ka da intanet. Wadda ta fi yawa a kwamfutocin da ke hannun mutanenmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka, kuma a kanta za mu yi bayani.

Manhaja aikin ɗan Adam ce, ba ta rasa tsaga. Gidan ƙasa ma kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina ta faɗi, in ba haka ba ruwa ya sami hanya. To, sabuntawa ita ce yaɓen kwamfuta. Kamfanin yakan gano ɓaraka, ya aiko da abin toshewa ta intanet. Tun shekarar 2003 ya tsayar da rana don wannan aiki, wato Talata ta biyu ta kowane wata. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ta fi damunka da maganar nan a tsakiyar wata. Ban da ta wata-wata akwai kuma babba, wadda a Windows 11 takan zo sau ɗaya a shekara. Ita ce mai nauyi, ita ce kuma ta fi saurin maƙalewa.

Aikin hawa uku ne. Na farko, kwamfuta ta sauko da kayan daga intanet. Na biyu, ta kwance su ta shirya, kai kana cikin aikinka. Na uku, ta mutu ta sake tashi, ta cire tsofaffin sassa ta sa sababbi. A nan ne take rubuta maka cewa kada ka kashe ta. In wani abu ya tare ta a hawa na uku, an gina ta da dabarar mayar da komai yadda yake a da. To Alhaji, wannan komawa baya da kake gani ba lalacewa ba ce. Kwamfutar ce ta ga hanya ba ta ɓullewa, ta juyo gida da kayanta cikakku. Mutuwar da take yi a kashi 30 ma al'adarta ce, a nan take sake tashi don ta ƙarasa sauran.

A riƙe wannan, domin shi ne jagoran bincike. In ta gaza tun a hawa na farko, a tuhumi intanet ko agogo. In sai a na biyu ko na uku ta gaza, a tuhumi wuri, ko wuta, ko kayan da aka jona mata, ko wani sashe na Windows da ya lalace.

Kafin a taɓa komai

Malam sakatare, da kai za mu fara, domin kai ne ke bakin rami. Kafin kowa ya sa hannu a kwamfutar nan, nemi filashi ka kwafe rajistar 'yan ƙungiya, da duk takardar da in ta ɓace za ka rasa abin faɗa wa mutane ranar taro. Takardun rubutu da na lissafi ba su da nauyi, ƙaramin filashi ya ishe su. Bayan ka kwafe, jona shi a wata kwamfutar ka buɗe, ka gani da idonka cewa sun shiga. Sa'an nan ka ajiye shi a gida, kada ka bar shi cikin jakar kwamfutar, don ɓarawon da ya ɗauki jaka ya haɗa da shi ke nan.

Wannan ba don tsoratarwa muke faɗa ba. A watan Oktoba na 2018 kamfanin Microsoft da kansa ya janye wata babbar sabuntawar Windows 10 'yan kwanaki bayan fitowarta, saboda ta goge takardun wasu mutane, bai kuma sake sakinta ba sai a watan Nuwamba. Ba kasafai irin wannan ke faruwa ba, amma manomi mai hankali ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya.

Akwai kuma maganar mabuɗi. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle rumbun ajiyarsu da wani kwaɗo mai suna BitLocker, mabuɗinsa lambobi ne guda 48. Wani lokaci bayan sabuntawa ko gyara, kwamfuta kan tsaya ta nemi lambobin nan. Galibi suna ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita ta. In taka tana da wannan kwaɗo, nemi lambobin tun tana lafiya ka rubuta a littafi. In babu su, mai gyara komai gwanintarsa ba zai iya buɗe maka takardunka ba.

Wuta da haƙuri

A hawa na uku kwamfuta kamar ɗakin da ake sauya wa jinka take: an sauke tsohuwa, ba a gama ɗora sabuwa ba. In wuta ta ɗauke a daidai wannan lokaci, ko kai ka danne maɓallin kashewa don haushi, a nan ne ake samun kwamfutar da ta ƙi tashi sam. Kwamfutocin gwanjo kuwa da yawansu batirinsu ya gaji, 'yan mintoci yake riƙewa, ta tebur kuma ba ta da batirin riƙe wuta ko kaɗan.

Don haka kada ka fara sai ka tabbatar da wutar awa biyu ko uku: janareta da mai a ciki, ko sola da rana tsaka, ko ka kai ta shagon masu cajin waya ka biya su ka zauna tare da ita. Jona caja ko da batir ya cika. Kada ka fara ranar kasuwa, ko ana gobe za ka kai rahoto, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma ka ɗora ta a kan katifa ko buhun hatsi, iska ba za ta shiga ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki. Kwamfutar da ta ɗau zafi fiye da kima takan kashe kanta, ko tana tsakiyar aiki.

Lambar da ke ƙirgawa a fuskarta takan tsaya wuri guda na rabin awa ko fiye, musamman a tsohuwar kwamfuta, alhali aiki na tafiya a ciki. In taka tana da 'yar fitilar nan da ke ƙyaftawa idan rumbu na aiki, dube ta. Muddin tana ƙyaftawa, ƙyale ta. Sai in awa biyu ko uku sun wuce babu motsi ko kaɗan, sa'an nan za ka danne maɓallin wuta na daƙiƙa 10 har ta mutu, ka sake kunnawa. Sau da yawa za ta mayar da kanta baya ta tashi lafiya.

Rubuta lambar ciwon

Duk lokacin da sabuntawa ta gaza, Windows takan bar shaida. Shiga wurin saiti, wato alamar nan mai kama da ƙafar inji mai haƙora, ka nemi inda aka rubuta Windows Update, ka buɗe tarihin sabuntawa. Za ka ga wadda ta gaza, da lambarta mai farawa da KB, da wata lambar mai farawa da 0x. Kwafe su a takarda, ko ka ɗauke su hoto da waya. Lambar nan ta biyu kamar katin asibiti take, da ita ake gane ciwon.

Kafin ka ci gaba, gwada abu mafi sauƙi. Sake tayar da kwamfutar ta hanyar zaɓen Restart, ka bar wanda aka rubuta Shut down. Dalili kuwa, a Windows 10 da 11 kashewa ta yau da kullum ba ta sauke komai da komai, takan ajiye wani sashe don ta yi saurin tashi gobe, amma Restart daga tushe take farawa. In ta tashi, sa ta sake neman sabuntawa. Wasu matsalolin a nan suke ƙarewa.

In rumbu ne ya cika

Lambar 0x80070070 tana nufin babu wuri. Sabon hatsi ba ya shiga rumbun da ke cike da na bara. Kwamfuta kuwa wuri take so ninki-ninki: na ajiye kayan da ta sauko, da na kwance su, da na adana tsofaffin sassa ko da za ta koma baya. Babbar sabuntawa tana son a bar mata wajen giga 20. Ƙananan kwamfutocin nan masu rumbun giga 32 ko 64 su suka fi shan wannan wahala.

Buɗe wurin da ake ganin rumbuna, ka dubi wanda aka yi wa alama da harafin C. In zanen da ke ƙarƙashinsa ya koma ja, to ya kusa cika. Abin da ke cinye wurin kuwa finafinai ne da waƙoƙi da hotunan biki da aka turo daga waya. Fim guda yana iya kai giga 1, wato ya fi dubban takardun rubutu nauyi. Kwashe su zuwa filashi ko rumbun waje. Zubar da kwandon sharar kwamfutar, domin abin da ka goge yana nan ciki yana tare wuri. Akwai kuma wani mai shara a cikin Windows, sunansa Disk Cleanup, wanda ke kwashe tarkacen tsofaffin sabuntawa. Amma fa kada ka shiga jakar da aka rubuta wa Windows ka riƙa goge abin da ba ka san aikinsa ba.

In hanya ce ta yanke

Lambobi irin 0x80072EE2 da 0x80072EFE suna nufin intanet ne ya yi sanyi ko ya katse ana tsakiyar saukowa. Sabuntawar wata-wata takan kai ɗaruruwan mega, wani lokaci ta haura giga, babba kuwa giga da yawa ce. Wanda ya sayi datar giga 1 ya jona kwamfuta da wayarsa, datar na iya ƙarewa aiki bai ƙare ba. Sayi wadda za ta isa, ka ajiye wayar inda sabis ya fi ƙarfi, ka kuma yi da dare lokacin da layi ba cunkoso. Wanda ya yi watanni bai sabunta ba kada ya ji tsoro, ba sai ya sauko da ta kowane wata ba, ta ƙarshe ta ƙunshi na baya duka.

Har ila yau Windows tana da tsarin tsimin data, an rubuta masa Metered connection a saitin intanet. In yana kunne, kwamfuta takan ƙi sauko da yawancin sabuntawa don kada ta ci maka kuɗi. Wani lokaci ita da kanta take kunna shi in ta ga intanet ɗin daga waya yake. In ka ga sabuntawa ta tsaya tana jira ba ta motsi, duba wannan, ka kashe shi na ɗan lokaci, in an gama ka mayar.

In agogo ne ya ɓata

Ga wanda mutane ba sa zato. Lambar 0x80072F8F galibi agogo take nunawa. Kwamfuta ba ta karɓar kaya daga kamfani sai ta duba takardar shaidar mai aikowa, takardar kuwa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa kamar lasin tuƙi. In agogon kwamfutarka yana cewa har yanzu muna 2012, sai ta ga takardar ba ta dace da ranar ba, ta ƙi karɓa. Dubi kusurwar ƙasa ta hannun dama, ka ga ko rana da wata da shekara daidai suke. Duba yankin lokaci kuma, domin kwamfutar gwanjo takan zo da agogon ƙasar da aka kawo ta. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, awa guda gaba da na Ghana.

In ka gyara yau, gobe ka kunna ka tarar ta sake komawa baya, to wani ɗan batir ne da ke cikinta ya mutu. Shi ne mai kama da kwabo, galibi lambarsa CR2032, aikinsa riƙe agogo idan kwamfuta na kashe. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kowane mai gyara zai iya sauya shi.

In kayan jone ne

Alhaji, tunda taka sai a hawa na uku take juyawa, bayan ka duba wuri, nan za ka dosa. Duk wani kaya da ka jona wa kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke yi masa tafinta da Windows. In tafintan ya tsufa, sabon sashen da ake son sawa ba ya jin yarensa, sai aiki ya tsaya. Lambar 0xC1900101 galibi wannan take nufi. Cire firinta, da filashi, da katin memori, da wayar da aka jona don caji, da duk wani abu da ke rataye a jikinta. Bar caja kawai, in kuma ta tebur ce ka bar linzami da allon bugawa. Sa'an nan ka sake gwadawa.

Wani mai tare hanyar kuma shi ne tsohuwar manhajar riga-kafi, wadda wa'adinta ya ƙare tun tuni, ko guda biyu a kwamfuta ɗaya suna kokawa da juna. Windows 10 da 11 suna da nasu mai gadi a ciki, Microsoft Defender, kyauta ne, kuma yakan kama aiki da kansa in aka cire na waje. Cire tsohuwar, ka sake tayar da kwamfutar.

Abin da za ka faɗa wa mai gyara

In lambar ta zama 0x80073712 ko 0x800F081F, wani sashe ne na Windows ya lalace ko ya ɓace, ɗaukewar wuta ta baya ma na iya jawo haka. A cikin saiti, ƙarƙashin Troubleshoot, akwai mai bincike na musamman don sabuntawa. Sa shi ya yi aikinsa tukuna. In bai warware ba, lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi, amma ka tafi da lambobinka a hannu, da filashinka a gida.

Malam sakatare, ga abubuwa huɗu da za ka roƙe shi ya gwada kafin maganar wankewa. Ya share jakar da ake kira SoftwareDistribution, inda kayan da aka sauko ke taruwa, don kwamfuta ta sake ɗebo sabo. Ya gudanar da umarnin nan biyu, DISM da SFC, masu duba sassan Windows su ɗinke wanda ya yage. Ya yi amfani da lambar KB ya sauko da sabuntawar da hannu daga ma'ajiyar kamfanin, Microsoft Update Catalog, ya sa mata. In duk ba su yi ba, ya sake ɗora Windows a kan wadda ke ciki, ya zaɓi a bar takardu da manhajoji yadda suke. Mai gyaran da ya san aikinsa ya san waɗannan duka. Ka ce masa kuma ya duba lafiyar rumbun ajiya, domin in rumbun ne ke mutuwa, ko an wanke ciwon zai dawo, maganinsa sai sabon rumbu.

Masu gyara da yawa sun fi son wankewa ne don ta fi sauri, ba don mugunta ba. Awa guda ya gama ya karɓi kuɗinsa. Amma wankewa tana share komai, takardun kuma naka ne, ba nasa ba. Kada garin neman gira a rasa ido. In har ta kama dole a wanke, to a sa Windows ta asali. Akwai wadda wasu ke yi wa kwaskwarima su cire sashen sabuntawa don ta yi sauƙin tafiya, irin wannan ba za ta sabuntu ba ko me ka yi mata.

Ga wani taimako kuma. In babbar sabuntawa ta shiga amma kwamfuta ta rikice daga baya, Windows takan ba ka kwana 10 da za ka iya komawa tsohuwar ta wurin saiti. A cikin kwanakin nan kada ka bari a share jakar da ake kira Windows.old, ita ce hanyar komawar.

In tsufa ne

Akwai kwamfutar da duk dabarun nan ba za su yi mata amfani ba, domin kamfani ya daina aiko mata da yaɓe. An rufe wa Windows 7 ƙofa ranar 14 ga watan Janairu, 2020, Windows 8.1 kuma ranar 10 ga watan Janairu, 2023. Windows 10 ma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga watan Oktoba, 2025. Kamfanin ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu Windows 10 na gida da suka yi rajista, wanda ya sanar cewa zai kai 13 ga watan Oktoba, 2026, shi ma sai kwamfutar da ke kan zubi na ƙarshe, wato 22H2.

Windows 11 kuwa, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ba kowace kwamfuta take hawa ba. Tana son ƙwaƙwalwar aiki giga 4, da rumbu giga 64, da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. A kwamfutoci masu injin Intel, galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Akwai wata 'yar manhaja ta kamfanin, PC Health Check, wadda za ta gaya maka ko taka ta cancanta. Wasu masu gyara sukan cusa Windows 11 da ƙarfi a kwamfutar da ba ta kai ba. Takan yi aiki, amma kamfanin ya ce bai lamunce wa irin wannan sabuntawa ba.

Wanda tasa ta tsufa haka ba sai ya yar da ita ba. Tana iya ci gaba da rubuta lissafi da buga takardu, amma a raba ta da intanet, kada kuma a shiga asusun banki da ita. Ko kuwa a sa mata wata babbar manhajar ta kyauta daga dangin Linux, wadda tsofaffin kwamfutoci ke iya ɗauka. Mai shirin sayen 'yar gwanjo kuma, kafin ya biya, ya ce a nuna masa a gabansa cewa tana karɓar Windows 11.

Amsar Hajiya

Hajiya, mun ji kukanki, data kuɗi ce. Amma toshe sabuntawa gaba ɗaya ba shawara ba ce, musamman ga mai shago irin naki, inda kullum baƙin filashi da wayoyi ke shiga kwamfuta suna fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 12 ga watan Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150, ta kulle takardun mutane, ta ce sai an biya fansar dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin likita kusan 19,000. Ɓarakar da ta bi ta shiga kuwa, tun watan Maris na wannan shekara kamfanin ya aiko da abin toshe ta. Waɗanda suka karɓi wannan yaɓen ba ta sami hanyar kutsa musu ta nan ba.

Abin da za ki yi shi ne ki riƙe linzamin a hannunki. Windows ta yarda a dakatar da sabuntawa har mako 5. Akwai kuma wurin da za ki gaya mata awannin aikinki, don kada ta mutu ta tashi kina tsakiyar buga takardar wani. Bar tsarin tsimin data a kunne, sa'an nan ki ware dare guda a kowane wata, bayan Talata ta biyu, ki sayi data, ki tanadi wuta, ki bar ta ta yi aikinta. Ki sa kuɗin a lissafin shago kamar kuɗin tawada da takarda.

Ki kuma gargaɗi yaran shago. In suna cikin intanet wani shafi ya faɗo yana cewa kwamfuta ta tsufa ko ta kamu da cuta, a danna nan a sabunta, ko a kira wata lamba, wannan tarkon 'yan damfara ne. Sabuntawa ta gaskiya daga wurin saiti kaɗai take fitowa, ba ta kuma neman lambar katin banki.

Masu waya fa?

Da yawa daga cikinku ba ku da kwamfuta, amma wayar da ke aljihunku ita ma ƙaramar kwamfuta ce, babbar manhajarta galibi Android. In ta ƙi sabuntuwa, hanyar dai ɗaya ce: cika batir, rage hotuna da bidiyon da suka taru a WhatsApp, nemi intanet mai ƙarfi, duba agogo, kada kuma ka kashe ta tana tsakiyar aiki. Kamfanin da ya ƙera wayar shi ke aiko da sabuntawarta, in ya daina to an daina. Sannu a hankali manhajoji kan juya wa tsohuwar waya baya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a watan Oktoba na 2023 a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba. Mai harkar kuɗi da waya ya lura da wannan tun kafin manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa ranar kasuwa.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Alhaji, duba wuri, ka cire kayan jone. Malam sakatare, kwafi tukuna, wankewa a ƙarshe. Hajiya, dare guda a wata. Wanda ya gwada duk waɗannan abin bai warware ba, ya sake rubuto mana, ya haɗa da lambar nan mai farawa da 0x da irin Windows ɗin da ke kwamfutarsa, za mu duba mu amsa masa a wannan fili.